Na Ce wa Baba Tsimi Ne

Assalamu alaikum Hajiya mai wannan shafi, da ku masu karatu, manya da ƙanana. Don girman Allah, Hajiya, ki ɓoye sunana da lambata, kada ki bar ko harafi ɗaya, domin garinmu bai kai girman da mutum zai ɓuya a cikinsa ba. Ku kuma masu sharhi na san halinku, don ni ma ɗayanku ne, na sha rubuta "Allah ya shirya" a ƙarƙashin labarin wasu ina taɓe baki. To yau ga ni a layi. Ku zage ni in kun ga dama, na cancanta, amma ku yi haƙuri ku kai ƙarshe tukuna, in kun gama zagin ku bar min shawara ko da ɗaya ce. Juma'ar nan mai zuwa nake tsoro.

Ni ɗan Daura ne, malamin gona, ina da mata da 'ya'ya biyu, muna zaune a sashen da mahaifina ya yanka min a gidanmu na gado. Mahaifina shi ne ladanin masallacin unguwarmu tun kafin a haife ni. Tun ba a kawo lasifika ba yake kiran salla, kuma tsofaffin unguwa suna cewa a lokacin har bayan gari ana jin sa. Sunan mahaifinsa na ci, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Babana yake ce min. Mutum ne da in ya yi kokwanto kaɗan a alwala sai ya sake ta daga farko. Ko maganin tari na kwalba aka kawo masa daga asibiti ba ya kai shi baki sai an karanta masa abin da ke jiki an tabbatar masa babu abin maye a ciki. Ku riƙe wannan a ranku, don ku san irin mutumin da na cuta.

Abin ya samo asali ne daga bautar ƙasa. Wani ƙauye aka tura ni a Filato, na kama ɗaki a gidan wata dattijuwa, zan kira ta Mama Talatu, sana'arta dafa burukutu. Da farko ko ta gefen tukwanenta ba na bi, ina toshe hanci ina a'uziyya. Amma ni mutum ne mai shegen son sanin yadda abu yake zama abu, tun ina yaro na lalata rediyon Baba don in ga masu maganar da ke ciki. Wata rana da safe na leƙa wata tukunya na ga tana tafasa, kumfa na tashi tana ɗan kuka, na duba ƙarƙashinta babu wuta, ko toka babu. Na taɓa jikinta, sanyi ƙalau. Mama Talatu ta yi dariya ta ce, "Malam, dawa ma tana da rai, in ka san yadda za ka tashe ta." Tun daga ranar na zama ɗan kallo. Na ga yadda ake jiƙa dawa a rufe ta har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a tace, a bar ta ta kwana. Ban sha ba a can, Allah shi ne shaida. Kallo kawai na yi, na dawo gida da abin a kaina kamar waƙar da ta maƙale wa mutum.

Shekaru suka wuce, na yi aure, na gina ɗan ɗakin kaji a bayan sashenmu. Ina yi wa kajin tsiron dawa saboda yana ƙara musu ƙwai, kuma duk ranar da na buɗe buhun na ji ƙamshin tsiron nan sai tukunyar Mama Talatu ta faɗo min a rai. Shaiɗan ba ya zuwa da ƙaho, ni da tambaya ya zo min: shin dawarmu ta nan ma za ta yi? Na ce bari in gwada sau ɗaya in zubar. Ta yi kuwa. Ranar da na ga tukunyata tana tafasa ba wuta a ɗakin kajina, na tsuguna ina kallonta ina murmushi kamar wanda aka yi wa haihuwa. Daga nan sai na ce to jar dawa fa? Kaura fa? In aka haɗa da gero? In aka jefa citta da kanumfari? Wasu suna kiwon tantabaru, wasu kallon ƙwallo, ni wannan ya zama abin da nake ɗokin dawowa gida dominsa. Ban taɓa sayar wa kowa ba, ban taɓa ba wa aboki ba, yawanci a rami nake tuttulewa in ba kaji dusar. Amma tunda na zo faɗin gaskiya bari in faɗe ta duka: ina ɗanɗanawa. Da bakin ludayi na fara, ina ce wa kaina ai mai miya ma tana ɗanɗana gishiri, kuma akwai ranakun da ɗanɗanon ya kai kofi. Matata ta ɗauka haɗin maganin kaji nake yi, warin kashin kaji kuma ya rufa min asiri. A garin da ake shari'a, a gidan ladan, katanga ɗaya tsakanina da inda yake shimfiɗa buzunsa. Wane irin rashin hankali ne wannan? Ni ma na tambayi kaina, amma sai bayan da aikin gama ya gama.

Wata ranar Asabar da hantsi ina tsugune ina tacewa, sai na ji sallama a bakin ƙofar ɗakin kajin. Baba ne. Bai saba shigowa nan ba, ranar baƙo ya yi daga garin Babban Mutum yana so in kama masa zakara. Ga ni da matata a hannu, ba matar aure ba, ta tacewa, ga roba cike da abu ja-ja yana kumfa. Ya dafa bango saboda gwiwoyinsa, ya leƙo ya ce, "Babana, me ake haɗawa haka?" Da na ce maganin kaji ne, da shi ke nan, da yanzu ba ku san da ni ba. Amma bakina ya riga hankalina, na ji kaina ina cewa, "Tsimi ne, Baba." Ya ce, "Tsimin me?" Na ce, "Na sanyin ƙashi." Jama'a, a duk cututtukan da Allah ya saukar a duniya, na rasa wadda zan ambata sai wadda ta shekara tana hana mahaifina barci. Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Kai, Babana, kana da wannan a gida ka bar ni ina fama? Miƙo ludayin nan."

Kun san yadda muke da tsimi. Maganin asibiti ne ake yi wa tambayoyi, amma tsimi in ɗanka ko amininka ya miƙo maka, ba ka cewa me da me aka zuba, sirrin mai haɗawa ne, kuma kowa ya san tsimin kirki sai da tsami da ɗan wari. Baba bai taɓa jin ɗanɗanon giya ba a rayuwarsa, bai san warinta ba, to da me zai gane ta? Ya jawo wani bulo ya zauna, don ba ya shan komai a tsaye. Ya karɓa da hannun dama. Ya yi bismilla. Wannan bismillar har yau tana cikin kunnena. Ina tsaye ina kallo, kalma ɗaya ce za ta tsayar da shi, na kasa furta ta, saboda in na ce kada ya sha zai ce don me, ni kuma ba ni da amsar don me. Ya shanye, ya yamutsa fuska, ya yi hamdala ya ce, "Da ƙarfinsa. Haka magani yake."

Washegari da na je gaishe shi ya ce rabon da ya yi barci irin na jiya har ya manta, gwiwoyin sun yi ɗumi, ya tashi kiran asuba ba tare da ya dafa bango ba. Ya sa min albarka har sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sannan ya miƙo min wata 'yar gora ya ce in riƙa cika masa. Na yi ƙoƙarin kuɓuta, kada ku ce ban yi ba. Ranar kasuwar Mai'adua na je wurin masu saiwoyi na sayo haɗin sanyin ƙashi na gaskiya, na jiƙa da tsamiya da citta na kai masa. Kurɓa ɗaya ya yi ya ajiye. Ya ce, "Wannan ba shi ba ne. Babana, rowa ka fara yi min, ko wahalar haɗawar ce ta ishe ka?" Ya faɗa da wasa, amma na ga ransa bai so ba. Sai na koma ina ba shi na ainihin, ina sirka shi da ruwa sosai, ina ce wa kaina kaɗan ne, ba ya bugarwa, ai kamar magani ne, zan riƙa rage masa a hankali har ya manta. Kun ji yadda ƙarya take haihuwa? Ni da na fara don nishaɗi, na wayi gari ina dafa wa ladan giya a kan dole, ina kai masa da hannuna, yana amsa min da Allah ya yi albarka.

Rana dubu ta ɓarawo. Ranar Litinin da ta wuce aiki ya kai ni wajen Mashi duba gonakin wasu manoma, na yi sammako ban cika masa gorar ba. Ashe bayan La'asar gwiwar ta matsa masa, ya aika sashenmu aka ce ba na nan, sai ya taka da kansa zuwa ɗakin kajin. Abin da ya tarar ba sirkakken ba ne. Wata jarka ce da na ɓoye a bayan buhunan dusa, gwajin da na bari ya daɗe don in ga iya inda ƙarfinsa zai kai, wanda ni kaina ba na wuce bakin ludayi a kansa. Matata ta gan shi ya fito da kwanon sha a hannu, ta ce har tsokanarta ya yi, wai mijinta ya ɓoye mai kyan ya bar shi da mai ruwa-ruwa.

Na shigo unguwa a kan babur daidai Magariba. Tun daga bakin titi na ji muryarsa a lasifika, na ji ta wani iri, tana ja fiye da yadda ya saba, amma na ce ko iska ce. Ya yi shahada, ya kira mutane zuwa salla, ya kira su zuwa tsira. Sai na ji ya ce, "Assalatu khairun minan naum." Da Magariba. Rana ta faɗi yanzun nan, mutane ko tuwon dare ba su ci ba, mahaifina yana shaida wa unguwa cewa salla ta fi barci. Na taka birki har na kusa faɗuwa. Na ce a raina zai farga, zai gyara. Sai ya maimaita, da wannan jan muryar mai daɗi da yake tashin mutane da ita da asuba. Masu shayi suka tsaya da kofuna a hannu. Wani ya fashe da dariya, wani ya daka masa tsawa. Daga cikin gidaje ina jin mata suna salati. Ni kuwa na san abin da ya faru tun kafin in isa gida, jikina ya gaya min.

Da na isa masallaci an riga an zaunar da shi a gefe, wani ya tayar da iƙama. Wanda ya riƙe shi lokacin da ya yi tangaɗi a bakin ƙofa amininsa ne tun na yarinta, zan kira shi Baba Iro, tsohon direban babbar mota. Shi ya rako shi gida, yana ce wa masu tambaya jiri ne, a ba shi wuri ya sha iska. Kafin gari ya waye unguwa ta gama yanke hukunci. Wasu suka ce hawan jini ne, wasu suka ce iska ce ta taɓa shi a nemi masu ruƙiyya, amma maganar da ta fi yawo ita ce rikicin tsufa, wai ƙwaƙwalwar Malam ta fara juyewa. Har na ji wata a bayan katanga tana cewa haka na kakanta ya fara, daga baya sai da aka riƙa kulle shi a ɗaki. Liman ya aiko cikin girmamawa cewa Malam ya huta kwana biyu, wani zai riƙe kiran sallar. Tun da nake ban taɓa jin kiran asuba a masallacin nan da wata murya ba sai wannan makon.

Ranar Talata da yamma ina ɗakin kajin, na tuttule komai a rami, na fasa tukunyar, ina haƙa wurin da zan binne ɓaraguzan, sai na ji mutum a bayana. Baba Iro ne, ko sallama bai yi ba. Ya leƙa ramin. Sannan ya ce, "Yaro, na yi shekaru ina kai kaya Jos da Makurɗi. Idona ya tsufa, amma hancina bai tsufa ba. Jiya da na rungumi ubanka na ji abin da ban taɓa zaton zan ji a jikinsa ba." Na durƙusa, na kama ƙafarsa, na ce Baba ka rufa min asiri, wallahi bai sani ba, tsimi na ce masa. Ya janye ƙafarsa ya ce, "Na san bai sani ba. Da ya sani da gawarsa za a ɗauka a masallacin nan, ba shi ba. Kai dai ka ji kunya, wallahi ka ji kunya." Ya ce dattawan masallaci sun sa zama bayan sallar Juma'a, kuma maganar da za a yi ita ce a sauke Baba daga ladanci gaba ɗaya, a ba shi haƙuri a ce lafiya ta gagara. Ya ce, "Ina cikin masu zaman. Ba zan zauna ina ji ana cewa hankalin abokina ya gushe ba alhali na san lafiyarsa ƙalau. Ko ka je ka gaya masa da bakinka kafin ranar, ya san abin da zai ce musu, ko ni in faɗa a gaban kowa. Zaɓi ya rage naka." Ya juya ya tafi, ya bar ni da fartanya a hannu.

Tun daga lokacin abinci ba ya wuce min. In an buga ƙofa sai in ɗauka ni aka zo kamawa. In na hango masu kakin hisba a titi sai in canja hanya, kuma babban ɗan Liman yana cikinsu, duk abin da aka faɗa a zaman nan a kunnensa zai kwana. Ina tsoron bulala a bainar jama'a, ba zan yi muku ƙaryar jarumta ba. Ina tsoron aikina. Ina tsoron ranar da surukaina za su zo su ce a ba su 'yarsu, da ranar da za a nuna 'ya'yana a makarantar allo a ce ga 'ya'yan mai burukutu. Amma duk wannan in aka tara bai kai tsoron fuskar Baba ba. Na san malamai za su ce babu laifi a kan wanda bai sani ba, ni ma na san haka. Amma ku ba ku san shi ba. Mutumin da ke sake alwala saboda kokwanto, yaya zai yi in ya ji cewa makonni yana kiran salla, yana tsayawa a sahun farko bayan liman, da wannan abin a cikinsa? Zai zauna ya bi sallolin nan ɗaya bayan ɗaya yana ramawa yana kuka. Yana da hawan jini na gaske, ba na ƙarya ba. In na faɗa masa ya yanke jiki ya faɗi, me na yi ke nan? In kuma na yi shiru Baba Iro ya fasa ƙwan a gaban dattawa, mahaifina ya ji daga bakin wani, a gaban mutanen da suka girmama shi shekara da shekaru? In ma na je na roƙi Baba Iro ya yi shiru ya amince, sai mahaifina ya ƙarasa rayuwarsa a matsayin tsohon da ya ruɗe, ana yi masa magana da ƙarfi kamar yaro, ana binsa da kallon tausayi, don kawai ni in tsira da mutuncin da ba ni da shi. Gaba kura, baya sayaki.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto shi ne abin da ya faru ɗazu bayan La'asar. Tun ranar Litinin Baba bai fita ba, a ɗaki yake salla, wai kunyar idon mutane yake ji. Na shiga gaishe shi na tarar da shi a kan buzu, carbi a hannu amma ba ya ja. Ya rame a 'yan kwanakin nan. Ya ce in zauna, in matso kusa. Ya rage murya don kada a ji a tsakar gida, ya ce, "Babana, kai ka yi boko, kuma ba ka taɓa yi min ƙarya ba. Ɗazu na karanta Tabara tun daga farko har ƙarshe don in gwada kaina, ban yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Na kira sunayen jikokina duka, ban manta kowa ba. Amma an ce mai wannan ciwon ba ya sanin yana da shi. Ka gaya min gaskiya tsakaninka da Allah, hankalina ne ya fara tafiya?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe da niyyar faɗa. Abin da ya fito shi ne, "A'a Baba, gajiya ce kawai." Ya gyaɗa kai, na ga bai yarda ba, ya ɗauka lallashinsa nake yi. Ya share ido da gefen rawaninsa. Sannan ya laluba bayan filo ya ɗauko 'yar gorar nan, ya miƙo min ya ce, "To ka cika min tsimin nan, ko Allah zai sa ya taimaka wa kan ma, tunda ya taimaka wa gwiwa." Na ce ya ƙare, Baba, kayan haɗin sun yanke. Ya ce, "Ba komai, ka yi iya ƙoƙarinka. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka yadda kake yi min."

Na kasa cewa amin. Ya ɗaga kai ya dube ni, yana jiran amin ɗin, ni kuwa na tashi na fito da gorar a hannu, ga ta nan a gabana yanzu.

Hajiya, jama'a, malamai da ke cikin shafin nan, iyaye masu 'ya'ya, ku dube ni don Allah ba don halina ba. Jibi ne Juma'a. In shiga in durƙusa in gaya masa, ko da bakin da ya saba sa min albarka zai juya ya tsine min? In fara zuwa wurin Liman a ɓoye? Ko akwai wata hanyar da zan mayar wa mahaifina da hankalinsa a idon mutane ba tare da na kashe shi da baƙin ciki ba? Ya tambaye ni tsakanina da Allah na sake yi masa ƙarya, kuma har yanzu yana can a ɗaki yana gwada kansa da surori.

Me zan yi?